Zambon zombi a waƙoƙin Kirsimeti, wasa ne ko cin fuska?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum mutanen gida. Don Allah ku ara min hankalinku, jiya na ga wani abu da har yanzu na rasa dariya zan yi ko tsaki. Kun san ina ɗan taɓa aikin dare a wani ƙaton kanti nan Pittsburgh ta Amurka in na taso daga makaranta, to jiya aka haɗa mana ɗan walimar ƙarshen shekara a ɗakin hutu, ga kek ga lemo, ni dai tsakani da Allah cikina ne ya kai ni. Can sai ga wasu abokan aikinmu su biyar sun shigo, fuska an shafe ta da farin abu kamar yanzu aka tono su, baki duk jan kala kamar jini, riguna a yayyage, amma kowa da jar hular nan ta Fada Kirsimeti a kansa. Suka jeru suka fara rera waƙoƙin Kirsimeti. Karin dai shi ne wanda lasifikar kantin ke ta zuba mana tun watan Nuwamba, amma baitukan duk an sauya su, inda ake cewa a ƙawata gida da ganye su da hanji za su ƙawata, inda ake lissafa kyaututtuka su yatsu da kunnuwa suke lissafawa, amshi kuwa duk ƙwaƙwalwa ƙwaƙwalwa. Turawan nan har da masu riƙe ciki. Wata dattijuwa ce kaɗai baƙar fata da muke aiki tare ta ɗauki jakarta ta fice ba ta ce wa kowa uffan ba. Shi ne nake tambaya, wannan wasa ne ko cin fuska?

Ummi Ƙarama: Hhhhh Yaya Ɗan Fagge kai dai faɗi gaskiya, bayan an ambaci hanji ka iya ƙarasa kek ɗin?

Ɗan Fagge: Na ƙarasa har na ƙunso saura a leda, ke ma kin san ɗan makaranta

Sarkin Turi: Kai malam, kana zaune a Pittsburgh kana mamakin zombi, gawar nan da ke tashi tana yawo? Ai kamar mutum ne yana zaune a Kofar Mata yana mamakin ganin baba a hannun mutane. Garin nan da kake shi ne mahaifar irinsu masu cin mutane a fim. George Romero a nan yankin ya ɗauki Night of the Living Dead da ya fito a 1968, maƙabartar da fim ɗin ya fara da ita tana wani ƙaramin gari Evans City arewa da ku, in ka samu mota ranar hutu ka leƙa. Kuma abin dariya a fim ɗin gaba ɗaya ba a kira su zombi ba ko sau ɗaya, daga baya ne mutane suka liƙa musu sunan. Ni shekarata goma sha ina tura wa mutane fim a waya a shago, na zombi na cikin waɗanda ba sa kwantai, samari na so matan aure ma na so, sai dai su ce a saka musu wanda aka fassara.

Ɗan Fagge: To na ji, amma me ya haɗa gawa da bikin haihuwa? Nan ne kaina ya ɗaure

Anti Ladi: Sannunku. Na ga saƙon tun ɗazu ina kicin ne. Ɗan Fagge ƙanena bari in ba ka amsa a matsayina na wadda ta yi fiye da shekara ashirin a kwaya a nan Jos. Abin da mutane ke kira waƙoƙin Kirsimeti ba kala ɗaya ba ne, kashi biyu ne kuma ba su haɗa hanya ba. Akwai na sujada, waɗanda muke rerawa a coci kan haihuwar Yesu Almasihu, akwai kuma na sanyi da dusar ƙanƙara da sayayya, waɗanda ba ruwansu da Allah. Jingle Bells da yara ke ta yi, an buga ta a 1857 a Amurka, ka duba ta daga farko har ƙarshe babu kalmar Kirsimeti ko ɗaya a ciki, labarin tseren keken doki ne a kan ƙanƙara. Irin wannan in sun ga dama su mayar da ita ta zombi ko ta kuraye ni ko a jikina. Amma in ka ce min sun taɓa Silent Night to a nan za mu ɓata. Waƙar nan wani limamin coci ne Joseph Mohr ya rubuta, Franz Gruber ya sa mata kari, aka fara rera ta daren Kirsimeti na 1818 a wani ƙaramin gari Oberndorf a Ostiriya da jita kawai. A Kirsimetin 1914 ana tsakiyar yaƙin duniya sojojin Jamus da na Ingila sun ajiye bindiga a wasu wurare suna jiyo waƙoƙin juna daga ramuka. Mu nan da Hausa muke rera irinsu, mahaifiyata da su ta yi min reno. To ka ɗauko wannan ka cusa mata hanji da jini?

Ɗan Fagge: Anti sun taɓa ta fa. Ita ce ma ta ƙarshe, kuma daidai nan ne dattijuwar ta tashi

Anti Ladi: Ka gani ko. Allah ya yi mata albarka, ni ma da tashi zan yi

Ummi Ƙarama: Anti yi haƙuri, da kika ce kin yi shekara ashirin a kwaya wlh sai da gabana ya faɗi, na ɗauka ɗaya ƙwayar ce

Anti Ladi: Ummi za ki sha duka, ƙungiyar mawaƙan coci nake nufi ja'ira

Malam Na-Zazzau: Assalamu alaikum. Ni abin da ya ja hankalina a labarin nan ba zombin ba ne, dabarar ce, don tsohuwar dabara ce kuma mu ma muna da ita. A bar kari a sauya baiti. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san yadda 'yan mata a dandali ke ɗaukar karin da kowa ya sani su ɗora masa sabbin kalmomi don su yi wa wata habaici, ya san yadda 'yan siyasa ke yi wa waƙar abokan hamayya. Dariyar ba a cikin sabon baitin take ba, tana tsakanin abin da kunnenka ke jira da abin da ya zo masa. Kunne na jiran kyauta sai aka miƙo masa yatsa. Shi ya sa ba a yi wa waƙar da ba a sani ba irin wannan, sai wadda ta riga ta zauna a ƙirjin mutane. Don haka ni sunan da zan ba abin shi ne zambo, zambon zombi in kuna so. Sai dai tambayar da ake yi wa kowane zambo ita ce wa aka nufa da shi. Mawaƙin fada in ya yi zambo an san ɗan sarkin da yake jifa. To su waɗannan wa suke jifa? Almasihu, ko mai kanti?

Sarkin Turi: Malam ka taɓo inda nake so. Mai kanti suke jifa, ina da hujja. Fim ɗin zombi na biyu na Romero, Dawn of the Dead na 1978, a cikin katafaren rukunin kantuna na Monroeville aka ɗauke shi, nan gefen su Ɗan Fagge. Gawarwaki na ta yawo tsakanin shaguna suna hawa matattakala mai tafiya da kanta suna leƙen kaya ta gilashi, ba su san me suke nema ba, kawai ƙafa ta saba kawo su wurin tun suna da rai. Kowa ya gane masu sayayya yake nufi. Kuma ku ji wani abu, da dare suke ɗaukar fim ɗin bayan an rufe shaguna, da lokacin Kirsimeti ya zo sai da suka dakata da aiki a wurin na wasu makonni saboda wahalar sauke kayan adon biki kullum dare a mayar kafin gari ya waye. Kun ga tun ran gini tun ran zane, zombi da sayayyar Kirsimeti tare suka taso.

Ɗan Fagge: Wannan kam na shaida da idona. Ranar Black Friday, wato juma'ar da ke bin bikin godiyarsu na Nuwamba, ina cikin kanti kafin a buɗe, na ga mutane sun manna fuska a gilashi tun asuba cikin sanyin da ke fasa leɓe, ana ɗaga ƙofa suka kwararo kamar an ɓalle dam. Manya a wurin aikin sun ba ni labarin a 2008 a jihar New York haka aka tattake wani ma'aikacin kanti har ya mutu. Kuma ku tuna mu ma'aikata waƙoƙin nan guda nawa ne, su ake ta juya mana awa takwas kullum kusan wata biyu. Ɗaya daga cikin masu shigar gawar ya ce min in bai ɓata waƙar ba ita za ta ɓata masa kai

Anti Ladi: To ya ɓata ta mai kanti mana. Me ya kai shi ta coci?

Maman Ilham: Sannu Anti, ni ina bayanki a rabi ina bayan su a rabi. Shekarata tara a Manchester kuma abin da na lura shi ne mutanen nan da yawansu ba su ma san akwai bambancin da kika faɗa ba, wanda bai taɓa shiga coci ba sai ranar biki ko jana'iza, a wurinsa duk waƙar Disamba ce, daga talla ya san ta. Ba wai ya zauna ya ƙulla zai ci mutuncin addini ba ne, addinin ne ma bai san yana wurin ba, wanda ni a ganina ya fi zagin ciwo. Na biyu kuma, haɗa Kirsimeti da abin tsoro ba sabon abu ba ne a ƙasar nan sam. Lokacin ne dare ya fi tsawo, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa, tun zamanin da suna zama gefen murhu daren Kirsimeti suna ba juna labarin fatalwa kamar yadda muke tatsuniya. Labarin Kirsimetin da ya fi shahara a wurinsu, wanda Charles Dickens ya fitar a 1843, fatalwa huɗu ne suka zo wa wani marowaci cikin dare. Ilham sun yi wasansa a makaranta bara, ita aka ba fatalwa ta biyu, na sha ɗinkin farin yadi. A kudancin Wales kuma akwai al'adar Mari Lwyd, ƙoƙon kan mataccen doki ake kafawa a sanda a lulluɓa wa mutum farin mayafi, a bi gida gida ana waƙa, masu gida su mayar da baiti daga ciki, in aka kayar da su a baiti dole su buɗe ƙofa su ba da abinci da abin sha. A Ostiriya, ƙasar da waƙar Anti ta fito, daren 5 ga Disamba samari ke shigar Krampus, wani dodo mai ƙaho da sarƙa da ke tsorata yara marasa ji.

Ummi Ƙarama: Kan doki a sanda ana bi gida gida ana waƙa a ba da abinci?? Anti Maman Ilham wannan ai tashe ne

Malam Na-Zazzau: Ummi kin yi kusa. Tashe ma ai in azumi ya kai goma yara ke fitowa, yaro ya manna gemun auduga ya cusa tsumma a ciki ya kwaikwayi dattijo ko malami ko mai kuɗi, kowa na dariya, a watan da ya fi kowane wata alfarma. A Kano ga Nalako da tashen gwauraye. Ba wanda ya ce sun ci fuskar azumi, don halin mutane suke wa dariya. Amma ki lura akwai iyakar da ɗan tashe bai taɓa tsallakawa, ba za ki ji ya ɗauki karatu ko kiran salla ya mayar abin wasa ba. Iyakar nan ita Anti Ladi ke magana a kai.

Anti Ladi: Yawwa Malam, Allah ya ƙara ilimi. Kuma kar a ɗauka mu Kirista tsoron ambaton mutuwa muke a Kirsimeti. Akwai tsohuwar waƙar Ingila ta garin Coventry tun ƙarni na 16, waƙar reno ce ta iyaye mata da sarki Hirudus ya sa a kashe musu jarirai a Baitalami, in an rera ta coci tsit yake yi. Ranar 28 ga Disamba ma wasu ɗariku tunawa da yaran nan suke. Akwai jini a labarin tun asali. Amma kuka ake yi a kai ba ƙyaƙyatawa ba

Ustaz Mai Shayi: Ni fa duk kun yi nisa. Gawa abar girmamawa ce, hadisi ya nuna karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Mutum ya shafa jini a baki yana kwaikwayon gawa yana rawa, ko da wace waƙa ce ni ban ga abin dariya ba. Ɗan Fagge kai ma da ka tashi ka bi dattijuwar

Sarkin Turi: Ustaz amma ranar nan kai ka ce in tura maka na Koriya mai jirgin ƙasa

Ustaz Mai Shayi: Wannan yaron shago ne ya karɓi wayata

Ummi Ƙarama: 😂😂😂 yaron shago ya shiga uku

Ɗan Damagaram: Ina wuninku. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma akwai gefen da ba wanda ya taɓo. Ni a Montreal ta Kanada nake, aikin tasi nake, kuma abokan aikina da yawa 'yan Haiti ne don suna da yawa sosai a garin nan. Wata rana lokacin Halloween, bikin shigar dodanni da suke yi, na yi wa wani dattijo cikinsu wasa da maganar zombi, bai yi dariya ba, ya zaunar da ni ya ba ni labari. Zombi ba Hollywood ta ƙirƙiro shi ba, nasu ne, kuma a wurinsu ba ya cin kowa, shi ake ci. Kakanninsu bayi ne da aka kwaso daga Afirka, da yawa daga Dahomey da yankin Kongo, Faransa ta sa su noman rake a tsibirin, aikin da ke kashe mutum cikin 'yan shekaru. Abin da bawa ke riƙe da shi a zuciya shi ne in ya mutu kurwarsa za ta koma gida, Ginen suke ce wa wurin, wato Afirka. To zombi shi ne wanda aka hana shi ko wannan. Ya mutu an binne shi, sai matsafi, bokor suke kiransa, ya tono shi ya riƙe kurwarsa ya mayar da shi gona, yana aiki ba magana ba albashi ba ranar gamawa. Wai ba a ba shi abinci da gishiri, don in ya ɗanɗana gishiri hankalinsa zai dawo ya gane halin da yake ciki. Ku duba fa, mutanen da suka yi tawaye a 1791 suka kori Faransa suka kafa ƙasarsu a 1804, babban abin tsoronsu ba mutuwa ba ce, a mayar da su bauta bayan mutuwa ne. Amurka ta mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, a lokacin ne wani ɗan jarida William Seabrook ya rubuta littafi a 1929 ya kai labarin can, 1932 aka yi fim na farko, daga nan abin ya fita daga hannun masu shi. Dattijon ya ce min sun ɗauki baƙin cikinmu sun yi abin wasan yara da shi. Ɗan Fagge ban san dattijuwarku ba, amma ka tambaye ta daga ina take

Ɗan Fagge: Kai. Jikina ya yi sanyi wlh. Ban taɓa tambayarta ba, amma tana da wani lafazi in tana turanci kamar na masu Faransanci

Malam Na-Zazzau: Allahu akbar. Wannan ya fi kusa da abin da muke cewa maye ya kama kurwar mutum fiye da abin da ake nunawa a fim. Kuma bokor da boka, kunne dai ya ji kama

Sarkin Turi: Gaskiya ne Ɗan Damagaram, na fina-finan farko ma haka suke, bayi ne masu jan ƙafa a injin rake. Romero ne ya mayar da su masu cin naman mutane. Cin ƙwaƙwalwar da aka cika amshin da shi ma ba nasa ba ne, wani fim ɗin barkwanci ne na 1985 ya kawo shi ya bi duniya. Kafin nan Michael Jackson ya riga ya sa su rawa a bidiyon Thriller ƙarshen 1983. Daga 2000 da 'yan kai kuwa abin ya zama annoba, gari gari ana fitowa tattakin zombi, a 2009 wani marubuci Michael Spradlin ya fitar da littafi guda sukutum na waƙoƙin Kirsimetin zombi da zane-zane, ina kyautata zaton daga irinsa abokan aikinka suka kwafo, a 2011 har hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi amfani da labarin zombi don koya wa mutane tanadin ruwa da magani saboda bala'i, 2017 kuma aka yi fim a Sikotilan, na waƙe-waƙe, na Kirsimeti, na zombi, duk a tukunya ɗaya. Akwai kuma maganar kuɗi da ba a faɗa. Tsoffin waƙoƙin nan na shekarun 1800 ba mai haƙƙin mallakarsu yanzu, kowa zai iya ɗaukar karin ya buga ya sayar ba mai kai shi kotu. Fim ɗin 1968 ma an manta ba a sa masa alamar haƙƙin mallaka ba da aka sauya masa suna, ya zama na kowa. Kayan banza biyu ne suka haɗu, dole a yi ta dafawa.

Kawu Na-Agege: Yara sannunku. Jikata ce ke rubuta min ina faɗa. Ni kalmar zombi ba a fim na fara jin ta ba, a Legas na ji ta ina saurayi ina sayar da goro a Agege. Mawaƙi Fela Kuti ne ya saki faifai da wannan suna a 1976 yana nufin soja, wanda sai an ce tafi ya tafi, an ce tsaya ya tsaya. Yara in sun ga soja a titi sai su ƙame su fara maci suna kiran sunan. Watan Fabrairu 1977, ana gama bikin al'adun baƙar fata na FESTAC da 'yan kwanaki, soja wajen dubu suka kewaye gidansa Kalakuta suka cinna masa wuta, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ba ta ƙara lafiya ba har ta rasu a 1978. Da aka yi bincike aka ce sojan da ba a san ko wane ne ba ya yi. Shi Fela ma'anar mutanen Haiti ya ɗauka, jiki na aiki kai na hannun wani. To wannan zambo ne da aka biya kuɗinsa da jini. Na 'yan kantinku me suka biya?

Ɗan Fagge: Kawu ranka ya daɗe ba su biya komai ba, manaja ma tafi ya yi musu

Maman Ilham: To ka ga in zambon mai kanti ne kuma mai kanti na tafi, anya ya same shi kuwa

Sarkin Turi: Hajiya ba kowane wasa ne sai ya kayar da gwamnati ba fa. Wani lokacin mutane sun gaji ne kawai suna son su yi dariya. Ma'aikacin da ya kwana yana jera kwali a kan albashin awa, ya shafa farin hoda ya ce ni gawa ce mai tafiya, ni ina ganin ya faɗi gaskiyarsa ko bai san tarihin Haiti ba

Ɗan Damagaram: Wannan ma magana ce. Sai dai shi in ya ga dama gobe ya ajiye aikin

Malam Na-Zazzau: Bari in koma kan kari don akwai abin da ban ƙarasa ba. A Kano an yi zamanin da masu bandiri ke ɗaukar karin waƙoƙin fina-finan Indiya su ɗora yabon Annabi a kai. Kun ga wannan kishiyar abin Pittsburgh ne, an ɗauko na duniya an kai shi wajen addini, niyya kyakkyawa. Amma duk da haka sai da malamai suka yi ta muhawara, saboda wasu sun ce mai sauraro baki na yabo amma zuciya na ganin jaruma tana rawa a cikin furanni. Kari ba ya zuwa shi kaɗai, yana jawo tsohon kayansa. To haka in aka juya, wanda ya ji sabon baiti mai ban dariya sau biyu sau uku, ranar da ya tsaya a coci aka ɗauko asalin waƙar, wanne ne zai fara faɗo masa? Ina ganin asarar da Anti ke gudu ke nan, ba wai za a rage wa Allah komai ba, ita za a ɓata wa kunne.

Anti Ladi: Malam kamar ka shiga zuciyata. Shi ya sa Ɗan Fagge in ma ka ɗauki bidiyo kar ka turo nan, ran Asabar muna da taron waƙoƙin Kirsimeti a coci ni ce zan ɗauki baiti na biyu ni kaɗai

Ummi Ƙarama: Yaya ni ka turo min ta gefe

Admin: Ba za a turo a nan ba. Kuma Ummi ke da Sarkin Turi ku daina cika mana gida da sitika, mutane na ƙorafin data

Ɗan Fagge: Jama'a na dawo, yanzu na taso daga aiki. Na samu dattijuwar a ɗakin hutu na gaishe ta na tambaye ta. Ɗan Damagaram ba 'yar Haiti ba ce, 'yar Kongo ce, ta ce ba ruwanta da tarihin zombi, mijinta ne ya rasu Disambar bara kuma waƙar nan ta ƙarshe ita 'ya'yanta suka rera masa a asibiti. Ta ce ba ta yi fushi da yaran ba, kawai ba ta so ta ji ƙarshenta. Na rasa abin cewa sai na ce Allah ya ba ta haƙuri, ta ba ni biskit.

Anti Ladi: Allah sarki. Ka gaishe min da ita, ka ce wata 'yar'uwarta a Jos za ta sa ta a addu'a ran Asabar

Ɗan Damagaram: To na yi kuskuren ƙasa. Allah ya ba ta dangana

Ɗan Fagge: Amin. Malam kuma maganarka ta kama ni, wajen ƙarfe uku na dare ina jera kwalayen man wanki lasifika ta saki ta ƙawata gida da ganyen nan, ta asalin fa, ban ankara ba na ji bakina yana cewa hanji. Saura kwana tara a daina saka su